Abin da Mma Ba Ta Gaya wa Likita Ba

Ƙanena ne yake ɗauko mini doya daga ƙauyuka zuwa rumfata a kasuwar Tamale, a babur mai ƙafa uku da muke kira motokin. Kowa a gidanmu na unguwar Moshi Zongo ya san yana shan apeteshi, giyar nan mai zafi, amma ba wanda ya taɓa furtawa. In ya shigo yana layi, sai mahaifiyarmu, Mma, ta ce, "Gajiya ce." A wurinmu wannan shi ne rufin asiri.

Da azumi ya kama, ya yi wa Mma alkawari, ya bar sha farat ɗaya. Muka yi murna. Ba a jima ba hannunsa ya fara rawa har ya kasa riƙe kofin koko a buɗe-baki. Gumi ya jiƙa masa riga, yana cewa tururuwa sun cika bango. Da ya faɗi yana fizge-fizge muka kai shi asibiti.

Likita ya ce, "Mma, yana shan wani abu?"

"Ɗana mai azumi ne," in ji ta. "Zazzaɓi ne."

A ganinta ba ƙarya ta yi ba, ai ya daina. Suka shiga neman maleriya, jikinsa kuwa sai ƙara rikicewa yake.

Ni 'yar kasuwa ce. Na san doyar da ta fara ruɓewa, in ka ɓoye ta a ƙarƙashi, tarin duka zai tafi. Na ce, "Likita, giya yake sha kullum, shekara da shekaru. Da azumin nan ya yanke."

Mma ta rufe fuska da mayafi.

"Hajiya, kin cece shi," in ji likita yana kallona. "Jikinsa ya saba da ita, yankewa lokaci guda tana iya kisa. Ciwo ne, kuma akwai magani."

Suka ba shi maganin kwantar da rawar jiki, suna ragewa a hankali, da allurar bitamin. Da ya warware aka duba hantarsa, aka rubuta masa ƙwaya mai rage kwaɗayin giya, aka ce ya riƙa zuwa ana duba shi.

Ya taɓa zamewa. Da bakinsa ya gaya mini: "Yaya, na sha." Na bar rumfar a hannun maƙwabciya muka koma asibitin tare.

Yanzu ƙwayar tana hannun Mma. Kowace safiya, kafin ya tayar da motokin, takan miƙa masa da koko, ko da mutane a tsakar gida.

"Ungo maganin giyarka."

"Haba Mma, rage murya mana."

"Na rage a da," in ji ta. "Shanye ka tafi, yayarka na jiran doya."