Hutun da Ya Kusa Kwantar da Ni

Shekarar da amosanin gaɓɓai ya kama ni sosai, babban ɗana ya hana ni zuwa fadamarmu ta Danchadi. Ya ce tsugunnon dashen albasa cikin ruwan sanyi ne ya ci mini gwiwa, kuma da gaskiyarsa.

"Baba, ka zamna gida ka huta," in ji shi. "Abin kunya ne a gan ka duƙe alhali muna raye."

Na zauna. Ko buta ba a bari in ɗauka, ina miƙa hannu wani ya riga ni. Kafin a cire albasar, yatsuna sun sandare, jan tasbaha da safe ya gagare ni. Salla ma sai a zaune. Da na je wurin jami'in lafiya a Bodinga, ya ce gaɓa wahala ce ba ta so, amma tana son motsi.

Washegari na dogara sanda na tafi rumfar da muke ajiye albasa. Na kifa turmi na zauna ina tsince ruɓaɓɓu, in tashi in juya tarin, in koma. Ciwon bai tafi ba, har yau yana nan, amma bayan mako uku da kaina na ɗaure bakin buhu.

Ɗana ya iske ni can, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, mi mutane za su ce?"

Na ce, "Su ce abin da suka ga dama. Ruwan fadama sai da ya shekara talatin kafin ya ci gwiwata. Biyayyarku kuwa, wata huɗu kacal ta kusa kwantar da ni."