Yadda Nasira ta raba wutar unguwa

A Gure, in wuta ta yi gardama a gida, Nasira ake kira. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a shagonsa hannunta ya saba da waya. Da ta gama lakwal, wato makarantar boko, ta tafi Damagaram, ta yi shekara biyu tana koyon aikin lantarki, ta dawo da akwatin kayan aiki.

Bazarar da ta dawo, unguwarsu tana cikin rigima. Da hantsi Abatcha zai tada injin niƙa, Ɗan Kasuwa mai walda ya kunna nasa, nan take fankoki su fara jan jiki. Firigon Inna Yabawa mai sayar da ƙanƙara sai gunji, ruwan ciki ko daskarewa ba ya yi. Kowa na zargin kowa.

Nasira ta yi kwana uku tana bin gidaje da na'urar awo, sannan ta tara mutanen unguwa a gindin dogon yaro.

"Baba Abatcha, wutar nan za ta ishe mu," in ji ta. "Matsalar, tare kuke kunnawa."

"To in bar mata tsaye da hatsi a rana?"

"A'a. Ai da sassafe suke kawo niƙa. Ka yi naka daga nan zuwa hantsi, Ɗan Kasuwa ya karɓa."

Ɗan Kasuwa ya tuntsire da dariya. "Ni da ba na tashi da wuri? Ai gata kika yi mini!"

Ta sauya wa gidaje tsofaffin ƙwayayen fitila masu zafi da sababbi marasa cin wuta. Firigon kuwa ta janye shi daga bangon da rana ke duka, ta sa masa sabuwar robar ƙofa.

Kwana huɗu tsakani, Inna Yabawa ta fito tana guɗa, riƙe da ƙanƙara a gefen zane. "Ku taɓa! Kamar dutse!" Abatcha ya karɓi guda ya ɗora a ƙeya, ya lumshe ido, mata na ta dariya.

Labari ya bazu. Yanzu in za a tattauna kai wuta sababbin unguwanni, har da ita ake zama, da taswirar layukan wuta da ta zana da hannunta. Ran nan ma wasu makiyaya suka zo daga Kelle, suna so ta je ta duba musu famfon rijiya mai aiki da hasken rana. Ta ce su jira ta gama cin tuwo.