Harsashin da Na Danƙara da Ƙotar Fartanya

Edita, bayan gaisuwa, bari in hutar da masu karatu tun daga farko. A labarin nan akwai wawa guda ɗaya tak, kuma shi ne yake rubuto muku, kada wani ya wahala wajen nema.

A wancan lokacin ni ɗan bindiga ne a tawagar dagacinmu, a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo. Bindigar toka nake nufi, wadda ake ɗura wa albarushi da tsumma a harba sama ranar Sallah ko tarbar alhazai. Ga ni kuma da ilimi, don na taɓa firamare har na iya rubuta sunana kafin Baba ya ga gona ta fi buƙatata. Duk cikin 'yan bindigarmu ni kaɗai nake karanta rubutun jikin gwangwani, saboda haka ba na karɓar gyara. Tun zamanin tsuke bakin aljihu albarushi ya yi tsada, sai muka koyi dabara: ka zuba kaɗan, ka danƙara da sanda har sai kafaɗarka ta yi tsami. Iya danƙararka, iya ƙararka. A kan wannan karatun na girma.

Da aka ƙaddamar da Shari'a makaɗan garinmu suka rataye gangunansu, ya zama bindiga ce kaɗai ta rage mai tada hayaniya a taro, darajarmu ta tashi. Ana cikin haka Sarkin Bindigarmu ya rasu, dagaci ya ce in ya dawo daga Makka zai naɗa wani. Mu biyu ake kallo, ni da taubashina wanda ya taso a Dugabau, wani mai ƙaton ciki da bindiga kamar tabarya. Kullum muka haɗu sai ya tambaye ni ko tawa bindigar mura take yi, wai ya ji ta yi atishawa ranar Sallah. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Tasa ta fi tawa ƙara, kuma duk gari ya sani.

Sai na tuna da akwatin marigayi yayana, tsohon soja. A ƙarƙashin bargonsa akwai ƙaramar bindiga ta hannu da 'yan harsasai a cikin safa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Na zazzage su a tabarma, sai na lura wasu sun fi sauran gajarta, kansu ya nutse cikin kwanson. Mai hankali zai ce waɗannan sun lalace. Ni da iliminna na ce a'a, waɗannan su ne Bature ya danƙara da kyau, dogayen kuwa ma'aikacin ya gaji ne ya bar su. Na ɗauko ƙotar fartanya na shiga ƙarasa masa aikinsa. Mai ɗakina ta fito daga madafi ta tsaya tana kallona, ta tambaya ko daddawa nake kirɓawa. Na gaya mata wannan kimiyya ce, ba a koyar da ita a bakin murhu. Ta ce Allah Ya ba da sa'a, amma in kimiyyar za ta tashi, don Allah ta tashi nesa da rumbunta.

Ranar tarbar dagaci gari ya fito bakin hanya. Motar alhazai ta tsaya, dagaci ya sako ƙafa, fes da shi cikin farar jallabiya. Taubashina ya saki tasa bindigar, kaji suka watse, mata suka rangaɗa guɗa, ya juyo ya kashe mini ido. Ni kuwa na gyara hula, na zaro 'yar bindigata daga aljihu kamar ɗan sandan ciki, na ɗaga sama na ja kunama. Jama'a, ban san me ya faru ba. Abin da ya kamata ya fita ta sama ya fito ta ƙasa da gefe. Gidan harsashin ya fizgo ya daki babban yatsan ƙafata, mariƙin ya tsage a hannuna, hannun rigata ya kama da wuta. An ce dagaci ya koma cikin mota da saurin da ba a san yana da shi ba. Taubashina ne ya fizgi jarkar da ya fara cin karo da ita a cikin kayan alhazai ya juye mini. Ashe zamzam ɗin dagaci ne. Kaf garin nan ni na fara samun tsaraba, kuma ni na cinye ta duka.

A Gwarzo aka ɗinke mini hannu. Dagaci da kansa ya miƙa ragowar bindigar ga hukuma, ya yi ta ba da baki har aka bar ni da dogon gargaɗi. Wani jami'i mai furfura ya juya ɗaya daga cikin harsasan a tafinsa, ya tambayi wanda ya yi wannan aikin, na ce Bature ne ya fara. Ya bayyana mini cewa ɗan sararin da ke cikin kwanson da gangan aka bar shi, in kan ya nutse wutar ba ta da wurin numfashi, sai ta fasa duk inda ta samu. Ya ƙara da cewa tamu ta toka tsumma take tofarwa, wannan kuwa dalma ce, in ta hau sama dole ta sauko a kan wani. A wurin tarbar nan kuwa akwai jikokin mutane. Allah ne kaɗai Ya tsare.

Sarauta dai taubashina aka naɗa, kuma ni na riƙe masa bindiga ranar naɗin, da hannun hagu. Har yau babban yatsan hannuna na dama ba ya lanƙwasa, kunnen wannan ɓangaren kuma sai an ɗaga murya. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya gaji irin wannan kaya a akwatin wani, ya kai wa hukuma. In ka ga harsashi ya nutse ko ya canza kama, kada ka gwada shi, kada ka gyara shi, balle ka kai shi taro. Sanin bindigar toka bai sa ka san kowace bindiga ba, ko da ka yi firamare.

Abu ɗaya na riƙe ina fahari da shi, cewa ranar nan tawa ta fi ta kowa ƙara. Kwanan baya ina ba jikokina labari a tsakar gida, na ce har Getso an ji ta. Mai ɗakina tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Abin da aka ji a Getso ba bindiga ba ce, ihunka ne kana kiran Inna."