Hular da Alhaji Ya Ƙi Cirewa

A sakandare na koyi wasan kurket a Zariya, na sake tarar da shi a Lahore da Barbados lokacin da aiki yake yawo da ni. Da na yi ritaya na zauna a Stains, bayan Paris, mutum ɗaya ya rage mini da za mu yi hirar wasan da Hausa: wani Alhaji ɗan ajinmu, da ya koma wajen 'yarsa a Rillieux-la-Pape, gefen Lyon.

Gardamarmu ɗaya ce, kuma ta tsufa tare da mu. Ni na ce ba a taɓa yin mai bugu kamar wani ɗan Ostireliya na kafin yaƙin duniya na biyu ba. Makinsa ya yi wa na kowa fintinkau, har 'yan Ingila suka bar auna sanduna ukun da yake tsarewa suka koma auna haƙarƙarinsa. Gwanin Alhaji kuwa wani baƙin mutum ne ɗan Karibiyan, wanda har ya bar wasa bai taɓa sa hular kwano ba, yana taunar cingam ana jifansa da ƙwallon da za ta iya fasa kai.

"Naka lissafi ya bari," in ji Alhaji. "Nawa ya koya wa baƙar fata tsayuwa."

Wata Lahadi na je Lyon, ya ce akwai 'yan Pakistan da ke wasa a wani filin ƙwallon ƙafa. Mijin 'yarsa ya kai mu a mota. Haifaffen unguwar Minguettes ne, nan gefen Lyon, iyayensa 'yan Damagaram, bai taɓa ganin kurket ba.

Da 'yan wasan suka ji ina Urdu, sai suka ce dole dattawa su taɓa. Na sa hular kwano, na tare ƙwallo huɗu, na sauka. Aka miƙa wa Alhaji. Ta ƙi shiga a kan zanna-bukar ɗinsa, shi kuma tun da ya sauke farali ba a ga tsakar kansa a bainar jama'a ba.

"Cire mana, Alhaji," na ce. "Ko gwanin naka za ka kwaikwaya da tsufanka?"

Ya dube ni, ya mayar musu da hular kwanon.

Mai jifan ya tausasa hannu saboda girma. Alhaji ya make ta farko har bakin wayar shingen filin, ya ce masa da Turanci Hajiyarsa ta fi shi ƙarfin jifa. Aka kwashe da dariya. Mutumin ya ƙara ja da baya don ya samo ƙarfin jifa.

Ƙwallon kurket kamar dutse take an naɗe shi da fata, filin kuma duk sawun takalman 'yan ƙwallo ne. Ta daki ƙasa ta yi sama. Ƙarar da na ji irin ta fasa kwakwa ce. Alhaji ya durƙushe, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa daga idon hagu.

A wasan ana jefa ƙwallo ta taso wa mutum kai, kowa ya san haka. Surukin bai sani ba. Abin da ya gani shi ne an jefi tsoho a fuska. Ya sheƙo yana ihu da Faransanci, ya tsinci katakon bugun ya sauke wa mai jifan a kafaɗa, ya ƙara masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo a ciyawa. Mutum biyar suka danne surukin suna naushi. Ina riƙe da kan Alhaji a cinyata, ina toshe idon da hankici, ina ihu da Hausa, da Urdu, da Faransanci a kira motar asibiti. Ba wanda ya saurare ni sai da faɗan ya lafa.

Sau biyu aka yi wa Alhaji aiki. Idon bai tsira ba.

Na koma duba shi bayan an sallame shi. Na fara neman gafara, ya ɗaga hannu.

"Malam, ba ta wannan gefen ba. Dawo dama in gan ka."

Na ɗauki kujerata na zagaya.