Sunan da Malam Bai Taɓa Amsawa Ba

Bana shekara ashirin ke nan da muka rufe mahaifina, Malam Ilyasu, a nan Makka. Almajiransa za su taru su yi sauka, su yi ta yabo. Ni ba malami ba ne, ruwa nake ɗauka a garwa ina kaiwa gidajen unguwar Utaibiyya. Amma ni ne Haruna, ɗansa na fari, don haka bari ni ma in faɗi nawa.

Malam ne ya taso da jama'arsa daga ƙasar Katsina bayan Nasara sun ci ƙasa. A ƙafa, da jakuna, da mata masu goyo, ta Barno da Wadai har Sudan. Shi ne liman, shi ne alƙali, shi ke ɗaura aure, shi ke raba hatsi. Mata huɗu, 'ya'ya cike da gida. Kwanan baya ɗan ƙanwata mai aiki wurin Turawan mai ya ba ni labarin wata ɗariƙar Nasara a Amurka, wai su ma shugabansu haka ya ƙetare hamada da su, ya bar iyali rututu. Na ce, ka tambayo min babban ɗansa ko ya san daɗin uba.

Don ni ban sani ba. A al'adarmu mutum yana kunyar ɗan fari, Malam kuwa ya kai abin maƙura. Bai taɓa kiran sunana ba. "Wancan yaron," ko "ku gaya masa." Ƙannena suna hawa cinyarsa, ni ina bakin ƙofa.

A can gida ƙasar Hausa wannan ba komai ba ne. Amma Larabawan nan da sunan ɗan fari suke girmama mutum. Wata rana muna wucewa, wani mai shago ya ɗaga murya, "Ya Abu Haruna, tafaddal, bismilla ga shayi!" Malam ya wuce kamar da wani ake. Mutumin ya sake kira, shiru. Sai ya juyo kaina yana dariya, "Kai walad, kai yaro, anya kai ɗansa ne?" Duk layin aka kwashe da dariya. Daga ranar na jefar da allo, na kama garwa.

Ranar da Malam ya rasu na tsaya nesa, ban yi kuka ba. Inna Tabawa, matarsa ta biyu wadda ta raine ni, ta jawo ni gefe.

"Kai dai Haruna ba ka da kai. Me ya zaunar da mu Sudan har damina ta zagayo?"

"Noman auduga, neman guzuri."

"Auduga ta ci gidansu! Shafa fuskarka. Agana ce ta kwantar da kai. Jama'a suka ce a bar ka wurin wata tsohuwa a wuce, kada a rasa Hajji. Malam ya ce sai an yi noma. Rabin mutanensa suka watse, suna cewa ya ci amanar tafiya. Da wane baki zai ce saboda ɗansa ne?"

Na shafa ramukan fuskata, sannan kukan ya zo.

Ban ce raina ya huce duka ba. Kalma ɗaya da ta ishe ni, ya hana ni ita har ƙasa ta rufe shi. Amma wanda ya bar rabin jama'arsa suka tafi don kada ya bar ni, ba zan ce bai so ni ba.

Da zai leƙo yau, zai ga mota ta kori raƙumi, alhazai na saukowa daga jirgin sama, jikokinsa sun fi jin Larabci da Hausa. Abin da zai fi ba shi kunya shi ne uba ya rungume ɗan fari a tsakiyar kasuwa.

Gidan da ya gina an raba, almajiran sun tsufa. Ni abin da ya rage min sunansa ne, na sa wa babban ɗana. Bakina ba ya iya furta shi, Abba nake ce masa. Amma in maƙwabta suka kira "Ya Abu Ilyasu," ina amsawa. Da ƙarfi ma, don yaron ya ji.