Ƙamshin Lemu a Gado na Bakwai

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar da aka buɗe ƙafar Malam Sali ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna yawan tambayata me ya sa nake hana turare a ɗakin majinyata kafin zagayen safe. To ku zauna ku ji.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Lagdo, ni kuma ina shekara ta biyu a wani asibiti a nan Garwa. Matsayina shi ne na ƙasa duka: shara, wankin zannuwan gado, rabon abinci. Sama da ni akwai ma'aikatan jinya, sai babbansu da muke kira Manjo, sai likita da ke leƙowa sau biyu a mako. Manjonmu, Baba Hamadu, yana da wata al'ada. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya rufe ido, ya ja numfashi, sannan ya shiga. Ni a zatona addu'a yake yi. Ba wanda ya gaya mini dalili, ni ma ban tambaya ba.

Malam Sali masunci ne daga wajen Lagdo. Kwalekwale ya danne masa ƙafa, ƙashi ya karye har ya huda fata. Aka wanke, aka ɗinke, aka rufe ƙafar da filastar ɗorin karaya, aka kwantar da shi a gado na bakwai. Bayan kwana biyar sai ya daina cin abinci. Matarsa Fanta ta same ni wurin wanki.

"Adda Dije, ko kunun da na dama ya kasa sha. Ya ce wari ke tayar masa da zuciya."

Ina da 'yar kwalbar man ɓawon lemu da unguwarzomarmu ta ba ni lokacin da nake laulayi. Akan ɗiga shi a auduga a shaƙa, tashin zuciya ya kwanta, hankali ma ya kwanta. A jikina na san aikinsa. Na sa audugar a gefen matashinsa. Da na ji warin ya fi ƙarfi ta wajen ƙafa, sai na riƙa ɗiga shi a kan filastar ma, safe da yamma.

Kuma ya yi aiki. Ya sha kunu, ya sami barci, har da zolaya: "Adda Dije, da ina warin kifi, yanzu kin mai da ni lambu." Da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci na sa a littafin abinci: gado na bakwai ya ci. Na ji daɗi ƙwarai. Zazzaɓin da yake yi kuwa, kowa ya ɗauka na sauro ne.

Safiya ta huɗu da fara ɗiga man, Manjo ya hango maiƙo a kan filastar. Ya sunkuya ya kai hancinsa, ya daɗe a haka, sannan ya ce a kawo almakashi. Abin da muka gani ba zan faɗa muku ba. Washegari likita ya yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Manjo bai yi mini tsawa ba. A baranda ya kira ni.

"Na ɗauka masu dubiya ne ke ɓare lemu. Dije 'yata, ba a ganin cikin filasta. Da hanci nake sanin ciwon da ya ɓaci."

"Baba, da tun ranar farko ka ji, da ƙafar ta tsira?"

Ya ce, "Allah ne masani. Ni ma da laifina, ban taɓa gaya miki abin da nake yi a ƙofa ba."

Har yanzu ina amfani da man nan, amma sai bayan zagaye, a auduga, kusa da hanci, nesa da ciwo. Abin da na koya shi ne, a aikinmu wari ma labari yake kawowa, kuma ƙaramin ma'aikaci na iya ɓarna da zuciya ɗaya in ba a yi masa bayani ba. Shi ya sa duk sabon zuwa nake zaunar da shi tun ranar farko.

Ranar sallamarsu Fanta ta roƙe ni kwalbar. Ta ce man nan kaɗai ya sa maigidanta ya ci abinci. Na miƙa mata. Ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka, Malam Sali na jiran ta a ƙofa, dogare da sanda. Na kasa ɗaga kai.