Goggo Marka da Tukunyar Tsaminta

Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba 1963, wani ɗan fatake ya tarar da ni a kasuwar Tambuwal ya ce Goggo Marka, ƙanwar mahaifina, ta rasu a Fakku, har an rufe ta. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Goggo, duk ƙauyenmu na gefen Jabo an san tukunyarki. Kullum kina barin ɗan ruwan tsamin gasarar jiya ki zuba a sabon ƙullu, haka kike yi wa madara da ragowar kindirmo. Kina cewa tsami mai kyau shi ke tsare abinci, ba ya barin ruɓa ta shiga. Kokon wasu kan yi wari kafin la'asar, naki kuwa ya kwana lafiya. Ba ki taɓa ɓoye wannan ba. Mace nawa ta zo da ƙoƙo kika ɗebar mata irin tsamin kyauta? Lokacin da matar Ɗanmaliki, maƙwabcinki, ta kwanta ciwo, ke kika shayar da 'ya'yanta kunu har ta miƙe.

Sai damunar shekarar samun 'yanci. Aka yi suna a gidan Ɗanmaliki, aka dafa nama da tuwo tun jajibere, zafi ya bugi abincin. Mutane suka ci, amai da gudawa suka kwantar da unguwa. Yara suka mutu, har da Yelwa, ɗan Ɗanmaliki. Gidanki bai je sunan ba saboda kina jinyar mijinki, kokonki kuka sha, ba wanda ko kansa ya sara.

Wannan shi ne laifinki. Ɗanmaliki ya tsaya a ƙofarki yana ihu: "Mi yas sa nata abinci ba ya ɓaci? Kurwar ɗiyanmu tana cikin tukunyag ga!"

Kika ce, "Malam, ruwan gero ne. Matarka ma ta ɗiba."

Matar tana tsaye a wurin, ta kau da kai. Mutanen unguwa suka fito da tukunyarki tsakar gida suka fasa ta da taɓarya. Suka sa ki tsallaka yaran da ke kwance, kina kuka, ana kiranki mayya. Waɗanda suka warke aka ce kin sake su, waɗanda suka mutu aka ce kin riga kin cinye.

Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen kokonki. Idan kika nufi rijiya, mata su janye gugansu. Da mijinki ya rasu, danginsa suka kore ki. Mahaifina ya roƙe ki ki zauna da mu a Tambuwal, kika ƙi, kika ce kada sunan maita ya bi 'ya'yansa mata. Kika tafi Fakku inda ba a san ki ba, kina surfe a gidajen mutane. An gaya mini ba ki sake dama koko ba, ko don kanki.

Allah Ya jiƙanki, Goggo, Ya yafe kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki, Ya bi miki hakkinki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Saudatu, wadda ta wanke ki ita kaɗai, da mahaifina Malam Gidaɗo. Mutanen unguwarmu kuwa, kada su wahalar da ƙafafunsu zuwa gaisuwa. Su sun daɗe da binne ki.

Ladan Gidaɗo, Tambuwal